Daren da Ban Ga Ƙarshen Jar Hula Ba

Duk wanda ya yi ƙuruciya a garin Garwa ya san ba don sanyi ake zama bakin wuta ba. Garin da bayan isha'i kana kwance a tabarma gumi na bin gadon bayanka, wa zai nemi ɗumi? Abin da ke kai mu bakin murhun Iya, kakarmu ta wajen uba, abu biyu ne, ƙuli-ƙuli mai zafi da tatsuniya. Ita ma ta san da haka. Da ta hango mu mun kewaye ta sai ta ce, "Kun zo, 'yan kwaɗayi? To wanda bai amsa mini tatsuniya ba, ko ɓarɓashi ba zai lasa ba."

Iya gajera ce, baƙa, mai wushirya, bakinta kullum ja da goro. Kakanninta fatake ne da suka sauko daga Kano suka ga kogin Binuwai suka ƙi komawa. A kasuwa Fulatanci take ciniki da shi, a gida Hausa, Faransanci kuwa kalma ɗaya ta riƙe, "mersi", wato na gode, ita ma sai in za ta yi wa mutum gatse. Ni da yake ina zuwa lekwal, wato makarantar boko, Madam Faransi take kirana. Yayana Hamidu kuma, saurayin da ke kabu-kabu da moto, wato babur, shi ne "maigidana", kamar yadda kaka ke wasa da jikanta namiji. Kullum tana cikin yi masa gorin cefane, shi kuma yana barazanar zai sake ta ya auro mai haƙora.

Mutum ɗaya ne a gidan ba ta wasa da shi, ba ta ma yi masa magana kai tsaye, wato Baba. Shi ne ɗanta na fari, kuma Iya irin mutanen da ne da suka riƙe alkunya da hannu biyu. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Mutumin zaure" take ce masa. Da safe zai tsaya daga bakin ƙofarta ya gaishe ta, ta kau da kai ta ce "Lafiya," shi ke nan an gama. In tana da saƙo, ɗayanmu za ta aika, ko da yana tsaye inda zai ji. Muna yara abin dariya yake ba mu, sai daga baya na gane wata irin ƙauna ce da ba a yarda ta fito fili ba.

Ana nan sai tele, wato talabijin, ta shigo unguwarmu. Gidan Alhaji Bappa aka fara sa ta, kuma Allah ya saka masa, bai yi rowa ba. Ran Asabar da daddare sai a fito da ita tsakar gida a ɗora kan tebur, mata da yara su shimfiɗa tabarmi, maza su tsaya daga baya kamar wucewa suka zo yi. Wasan da ya ɗauke mana hankali na wasu samari da 'yan mata ne a wani babban gari na kudu. An kashe maigadin wani kantin magani, an rasa wanda ya yi, zargi ya faɗa kan wani saurayi mai jar hula don ya ƙi faɗin inda yake a daren. Sunan wasan na Faransanci ne mai tsawo, mu dai Jar Hula muke ce masa. Kowane sati sai an kai inda numfashi ke ɗaukewa, ɗan sanda ya ɗora hannu kan ƙofa, sai rubutu ya fito cewa za a ci gaba. Tsakar gidan kuwa ta ɗauki salati da tsaki.

Ni ce tafinta. Matan da ba sa jin Faransanci sai su sa ni a tsakiya, wannan ta zungure ni, waccan ta ja mini zane, "Ladi, me ya ce? Me ta ce?" Inda na gane in faɗa, inda ban gane ba in ƙara gishiri, babu mai kama ni. Ai kuwa kaina ya kumbura.

Iya ba ta taɓa zuwa ba. Washegari nakan zauna in ba ta labarin, tana ɓarar gyaɗa tana saurare. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne yanke labarin da ake yi. "Wane irin mai labari ne wannan," ta ce, "ya kai mutane tsakiyar kogi ya ce su jira shi wani sati? Tatsuniya ba ta kwana a buɗe, Madam Faransi. In ka buɗe, ka rufe, yara su yi barci." Amma duk da mitar tata sai ta tambaya, "To shi yaron, har yanzu bai yi magana ba?"

A wannan lokacin ne ta sauya lokacin suyar ƙulinta. Da can da hantsi take yi, sai ta ce zafin rana ya fi ƙarfinta, ta mayar da babbar suya daren Asabar, ta kasuwar Lahadi. Babu wanda ya kawo komai a ransa. Mu dai in mun dawo daga kallo mukan tarar da ƙuli jere a faifai, ta ba mu na lasawa, mu wuce da surutun wanda ya kashe maigadi.

Wata Asabar, ana tsakiyar kallo, aka shiga gidan Goggo Fanta mai ɗinki aka ɗauke mata keke. Keken nan da shi take ciyar da marayunta, kuma shekarun ne da abubuwa suka tsaya cak, albashi ba ya fita, kasuwa ta mutu, wanda ya rasa keken ɗinki ba ya sa ran wani. Wata tsohuwa ta ce ta ji ƙarar moto a lungun. Kafin azahar unguwa duka ta koma 'yan sanda, kowa ya koyi bincike a tele. Aka shiga lissafin samarin da ke da moto. Wane yana gidan Alhaji Bappa, an gan shi. Wane yana tasha. Da aka zo kan Yaya Hamidu sai aka yi shiru, don babu wanda ya taɓa ganinsa wurin kallo, abokansa na tasha kuma suka ce duk daren Asabar ɓacewa yake yi. Har aka sami mai cewa ga tabon ƙuna nan a hannunsa, wa ya san inda ya samo shi.

Baba ɗan kasuwa ne mai sayar da atamfa, mutumin da sunansa ya fi masa kayan shagonsa. Ya kira Yaya zaure, ina laɓe bayan ƙofa.

"Ina kake daren jiya?"

"Baba, wallahi ban ɗauki kayan kowa ba."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Ina kake?"

Yaya ya kafa ido a ƙasa.

"Hamidu, da kai nake."

"Ka yi haƙuri, Baba. Ba zan iya faɗa ba."

Baba bai ɗaga murya ba, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Ya ce ya ba shi zuwa ƙarshen sati. In ya faɗi inda yake, to. In bai faɗa ba, ran Lahadi da safe ya miƙa makullin moto ya shiga motar Kuseri wurin kawunmu, kuma kada ya sake taka zauren nan da sunan ɗan gida. Dada, mahaifiyarmu, ta yi kuka har idonta ya kumbura, ta roƙi Yaya, ta haɗa shi da Allah, ya sunkuyar da kai kawai. A lekwal yara suka fara kirana ƙanwar Jar Hula. Na yi dambe sau biyu a satin nan, ɗaya na ci, ɗaya aka ci ni.

Iya kuwa ba ta ce uffan ba. Na lura dai tuwonta na komawa yadda aka kawo shi, goron ma ta daina ci.

Asabar ta zagayo, kuma a ranar za a nuna ƙarshen wasan. Tun magariba gidanmu ya watse, har Dada aka ja ta wai ko zuciyarta za ta yi sanyi. Yaya na ɗakinsa yana haɗa kaya. Baba bai fita hira ba, yana zaure shi kaɗai. Na ɗaura ɗankwali zan fita da gudu sai na ji, "Madam Faransi, zo nan."

"Iya, yau ne fa ƙarshe! Mata na jirana."

"Su jira. Ɗauko mini tabarma ki shimfiɗa can jikin bangon zaure, ki kawo mini gawayi a kasko. Yau tatsuniya zan yi."

"Yau? Iya, don Allah gobe."

"Gobe ta makara. Ba a yi wa bango tatsuniya, sai da yaro mai amsawa. Ke kaɗai kika rage mini."

Da dai wasa ne a muryarta da na sulale. Babu wasa. Na shimfiɗa tabarmar daidai ƙarƙashin 'yar tagar zaure, ina jin kiɗan buɗe wasan daga gidan Alhaji Bappa, hawaye na zubo mini don takaici. Ta zauna, ta miƙa tafin hannu ta laluba inda zafin kaskon yake, sannan ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ki."

"Ta iso mu ji," na ce, ina jan hanci.

Ta ce a wani gari an yi wata tsohuwa mai riƙon wuta. A zamanin babu ashana, kowace safiya sai mutane su zo da katangar fasasshiyar tukunya su ɗebi garwashi a murhunta, su gaishe ta, su ba ta labarin gari. Wutar nan ita ce gonarta, ita ce kasuwarta, ita ce dalilin da ake tuna tana raye. Sai wata shekara hazo ya fara sauka a idonta. Da farko fuskoki suka dushe, sannan launin abubuwa, har ta kai harshen wuta ma sai dai ta ji shi a fata. Ta ɓoye, don ta ga abin da aka yi wa ƙawarta da ido ya mutu mata. 'Ya'yan ƙawar, don tausayi, suka kashe mata murhu, suka zaunar da ita a ɗaki suna kai mata abinci, ba ta ga damina biyu ba.

"Ba mugunta suka yi ba," in ji Iya. "Ƙauna ce. Amma ƙauna ma tana kisa in ba ta tambaya ba."

Ta ci gaba. Wani dare mutanen gari duk sun tafi kallon masu wasa da suka zo daga nesa, tsohuwa na gyara wuta sai bakin zanenta ya kama ba ta sani ba. Allah ya kawo wani saurayi, jikanta, ya dawo ɗaukar riga. Ya kashe wutar da tafin hannunsa. Tsohuwa ta riƙe shi ta ce, ka rantse ba za ka faɗa wa kowa ba. Ya rantse. Daga ranar, duk daren da gari ya tafi kallo, sai ya ɓoye dokinsa a gidan aboki, ya shigo ta ƙofar baya, ya ɗaura zane a ƙugu ya yi mata aikin wuta, aikin mata, wanda in abokansa suka gani ba zai sake ɗaga kai a dandali ba. Ita tana ba shi tatsuniya kamar yana ɗan yaye, shi yana suya, mai na fallatsar masa a hannu.

A nan ta yi 'yar waƙar da ba na mantawa, da muryar nan tata mai rawa:

"Ɗan yaro, rufa ni, rufa ni,
Rana ta faɗi a idona,
In gari ya ji, wutata ta mutu."

Ni dai tun da ta ambaci ƙofar baya na daina jin kiɗan gidan Alhaji Bappa. Na dubi idon Iya a hasken gawayi, idon da nake gani kullum, sai a daren na ga farin da ya lulluɓe ƙwayar. Na tuna yadda ba ta kiran sunan kowa sai ya yi magana tukuna. Na tuna ranar da ta miƙa mini gishiri a maimakon sukari muka yi ta dariya.

"Ba ki amsawa," ta ce. "Barci kike?"

"Ina ji, Iya. Sai me ya faru?"

"Sai aka yi sata a garin. Aka ce wa ba ya wurin kallo? Aka ce wane. Uban yaron ya kira shi ya ce ina kake, yaro ya tuna rantsuwa ya yi shiru. Uba ya ce to bar mini gida. Tsohuwa tana ji. Kwana ta yi tana juyi, in ta yi magana wutarta ta tafi, in ta yi shiru yaron ya tafi. Tsoro ya riƙe mata baki har dare na ƙarshe, don tsufa ba ya hana mutum son kansa. Sannan ta ce, kai, wutar da za ta cinye jikana gara ta mutu."

Nan ta tsaya. Daga can gidan kallo aka ɗauki wata irin sowa, da alama an kama mai laifi. A zaure kuwa ko tari babu.

"Sai aka yi yaya?" na ce.

"Ban sani ba, Madam Faransi. Wannan ƙarshenta ba a bakina yake ba."

Iya ce fa, wadda ta ce tatsuniya ba ta kwana a buɗe.

Muka ji motsin takalmi. Baba ya fito daga zaure, bai dube mu ba, ya wuce ɗakin Yaya. Ya fito da shi riƙe da hannunsa, ya kawo shi bakin kaskon, ya juya tafin a hasken wuta. Ga babban tabon nan, ga ƙananan ɗige-ɗigen mai har wuyan hannu. Ya daɗe yana kallo. Yaya ya ce, "Iya, ai da kin bari," sai ta ce, "Rufe mini baki, mijin banza, wanda ko cefane ba ya yi." Muryarta ta karye a tsakiyar gorin.

Baba ya durƙusa. Ban taɓa ganinsa kusa da ita haka ba. Ya ɗauki ɗan itace ya tattaro gawayin da ya watse. Iya ta kau da kai kamar yadda ta saba, ta ce da ni, "Ki tambayi mutumin zaure, a tatsuniyar nan, an kashe wa tsohuwa wutarta?"

Na juya zan maimaita, sai Baba ya riga ni. Ni ya kalla, idonsa jawur.

"Ki gaya mata ba a kashe ba. Ki ce mata ɗanta ne ya makance, ba ita ba."

Iya ta gyaɗa kai, ta laluba gefen zanenta ta ciro goro ta ɓantara, karo na farko a satin. "To ta ƙare ƙurmus," ta ce, "kan ɓera ya ƙone, wanda ya ji ya riƙe. Tashi ki ɗauko kaskon suya, gobe kasuwa."

A daren nan mu huɗu muka yi suyar. Yaya a bakin mai, ni ina mulmulawa, Iya na ba da umarni da hanci, "Ya yi, kwashe," Baba kuwa da babbar rigarsa yana tura itace yana cika wuta, har ta aike ni in gaya masa ba gobara aka ce ya haɗa ba. Da su Dada suka dawo suka tarar da mu, sai suka tsaya baki buɗe, labarin Jar Hula ya maƙale musu a maƙogwaro.

Da safe Baba ya je wurin mai unguwa da kansa ya faɗi inda ɗansa yake duk daren Asabar. Wasu suka yarda, wasu suka taɓe baki. Abokan Yaya suka laƙaba masa Hamidu Mai Ƙuli, sunan da ya bi shi har ya yi furfura, kuma bai taɓa jin haushinsa ba. Keken Goggo Fanta dai ba a gan shi ba, ɓarawon ma ba a san shi ba har yau. Matan unguwa ne suka haɗu suka samo mata wani tsoho. An kai Iya asibiti, aka ce an makara, amma murhunta bai mutu ba sai ranar da ita ta mutu. Kullum akwai ɗayanmu a gefenta yana yi mata ido, ita tana yi mana baki.

Shekaru da yawa na ɗauka darasin daren shi ne kada a yanke wa mutum hukunci don ya yi shiru. Gaskiya ne, amma wannan ko tele ta faɗa. Sai da na girma, na yi aure a Maruwa, na fara sa tabarau, rannan zare ya ƙi shiga mini allura na waiga in ga ko 'yata na kallona, sannan na san nauyin abin da Iya ta ajiye. Ba labari ta ba mu ba, abin da ya rage mata a duniya ta ɗora a faifai ta miƙa, ba ta san ko za a dawo mata da shi ba. Na gode wa Allah da ya sa ni ce yarinyar da ta rage a gida. Na gode wa Yaya da ya riƙe amana har bakin mota, na gode wa Baba da ya iya durƙusawa. Iya kuwa, Allah ya haskaka mata kabarinta fiye da yadda ta haskaka mana tsakar gida.

Ƙarshen Jar Hula ban taɓa ganinsa ba. Ƙawayena sun ba ni labari kala uku, don babu tafinta a ranar, kowa abin da ya ga dama ya fahimta. 'Ya'yana da ke kwana kan irin waɗannan wasanni a waya sun ce in na tuna sunansa za su nemo mini. Na ce su bar shi. Wanda aka zarga a gidanmu ya kwana a ɗakinsa, kuma ni ce na amsa tatsuniyar.